Babi na Biyar: Masu Masaƙun Kakuri da Sunan da Suka Bari

A watan Agusta na 1955 Alhaji Alhassan Ɗantata ya rasu a Kano, a lokacin da ake cewa babu attajiri kamarsa a Afirka ta Yamma baki ɗaya. A wannan shekarar ce kuma gwamnatin Jihar Arewa, ƙarƙashin Firimiya Ahmadu Bello Sardaunan Sakkwato, ta ƙulla yarjejeniya da wani kamfanin saƙa na yankin Lankasha a Ingila, David Whitehead & Sons, domin a gina masaƙa a Kakuri, kudancin kogin Kaduna. An aza harsashin ginin a 1956, injuna suka fara ruri a ƙarshen 1957. Tsakanin wancan makoki da wannan biki, ma'aunin da Arewa take auna mai dukiya da shi ya sauya, ko da yake an daɗe ba a farga ba.

Kafin zuwan masaƙa, attajiri mutum ne da ake iya zuwa ƙofar gidansa. An haifi Alhassan a Bebeji a 1877, cikin zuriyar Agalawa, waɗanda fatauci ya zame musu gado. Ya fara da fataucin goro a ƙasar Gwanja, ya kuma gane da wuri cewa ɗora goro a jirgin ruwa daga gaɓar tekun Gwalkwas zuwa Ikko ya fi bin ayari sauri da riba. Da jirgin ƙasa ya fara zirga-zirga zuwa Kano a 1912, gyaɗa ta yi daraja, Turawan kamfani suka shiga neman waɗanda suka san ƙauyuka da manoma. Irin su Umaru Sharubutu Koki da Maikano Agogo da Adamu Jakada ne suka tsaya a wannan gurbi. A 1918 Niger Company ta ɗauki Alhassan ya riƙa saya mata gyaɗa, ba a jima ba ya wuce tsara. Labarin da kowa ya fi riƙewa shi ne na 1929, ranar da ya kai kuɗin azurfa kayan raƙumi 20 ajiya a reshen Bank of British West Africa na Kano.

Amma ba raƙuman ne suka yi masa suna ba. Zaure ne. Attajirin wancan zamani yakan fito bayan sallar asuba ya tarar zaure cike: yaransa na kasuwa suna jiran a ƙirga musu jarin da za su fita ƙauye da shi, ga baƙin da suka sauka cikin dare, ga malamin unguwa, ga mai neman kuɗin magani, ga wanda ya yi niyyar Makka guzuri ya gaza. Kowa yana ganin fuskarsa, shi ma ya san sunan uban kowa. Yaron da ya yi shekaru yana riƙon amana, a yi masa aure, a ba shi gida, wata rana a yaye shi da jarin kansa. In shekara ta zagayo a fitar da zakka a idon jama'a. Maroƙa da mawaƙa irin su Mamman Shata su ne jaridun wannan duniya, su suke kai sunan mai kyauta garuruwan da bai taɓa takawa ba, su ne kuma suke tona marowaci.

Kada a ɗauka wannan tsari ba shi da nasa zalunci. Manomin da ya karɓi bashi da bazara ya biya da buhu da kaka, ya san wanda ya ci riba. Rigimar sikeli ba ta ƙarewa a wuraren awo. Sai dai wanda aka cuta yana da ƙofar da zai buga, yana da dattijon da zai yi masa iso, mai dukiyar kuma ya san cewa a unguwar nan za a yi masa salla ranar da ya mutu, mutanen nan ne za su yi masa shaida.

A saman su Ɗantata akwai wani mutum da manomin gyaɗa bai taɓa jin sunansa ba. William Lever, mai kamfanin sabulu na Lever Brothers, ya sayi Niger Company a 1920, daga cikinta ne kamfanin UAC ya fito a 1929. A Ingila ana tuna Lever a matsayin mai tausayin ma'aikata, domin ya gina musu gari sukutum, Port Sunlight, da gidaje masu tsabta da makaranta da asibiti. A Kwango kuwa, inda gwamnatin Beljiyam ta ba shi makeken fili a 1911 don ya sami manja, tarihi ya rubuta aikin tilas da aka sa talakawa a gonakinsa. Ya nemi irin wannan fili a Nijeriya, gwamnatin mulkin mallaka ta hana shi. Mutum ɗaya ne, dukiya ɗaya ce, amma shaidarsa biyu, gwargwadon inda mai ba da shaidar yake tsaye.

Haka abin yake ga manyan masu masana'antun Amurka. Andrew Carnegie ya gina ɗakunan karatu sama da 2,500 a sassan duniya, amma a masana'antarsa ta ƙarfe da ke Homestead aka yi artabu da ma'aikata masu yajin aiki a 1892, aka rasa rayuka. John D. Rockefeller ya mamaye kasuwar man fetur ta hanyar murƙushe ƙananan 'yan kasuwa, har Kotun Ƙoli ta tarwatsa Standard Oil a 1911. Gidauniyar da ya kafa daga baya ta yi aikin yaƙi da cutar shawara a Yaba, ta kuma haɗa kai da gidauniyar Ford wajen kafa cibiyar binciken noma ta IITA a Ibadan a 1967. Alherin gaskiya ne, ɓarnar ma gaskiya ce, kuma mafi yawan waɗanda suka ci moriyar alherin ba su ne waɗanda ɓarnar ta faɗa wa ba. Wannan rarrabuwa ita ce sabon abin da manyan masana'antu suka zo da shi, ita ce kuma ta sauka a Kakuri.

Kudancin kogin Kaduna ƙasar Gbagyi ce tun asali, gonaki da 'yan ƙauyuka. Da Turawa suka dawo da hedikwatar Arewa daga Zungeru a 1917, sai suka zauna a arewacin kogi, suka bar wa kudu mahaɗar jirgin ƙasa. Wannan mahaɗa ce ta jawo masana'antu: ga ruwan kogi, ga dogo da ke kawo auduga daga wuraren gurza na Zariya da Funtuwa da Gusau, ga fili. Bayan waccan masaƙa ta 1957, Kaduna Textiles Limited, wadda kowa ya sani da KTL, sai Nortex a 1962, kamfanin giya na Nigerian Breweries a 1963, United Nigerian Textiles (UNTL) da masana'antar makamai ta DIC a 1964, sai Arewa Textiles wadda ta tsaya da jarin kamfanonin Japan. A 1975 Peugeot ta fara harhaɗa motoci a nan. Unguwanni suka tsiro suna bin hayaƙi: Kakuri da Makera da Nasarawa da Tirkaniya da Kudenda, garin ya yi ta miƙewa kudu har ya kai Gonin Gora da Kakau a kan hanyar Abuja. Har ana kiran Kaduna Mancestar Nijeriya.

Duk wanda ya zauna a Kakuri a shekarun 1970 ba zai manta lokacin canjin aiki ba. Injuna ba sa barci, ma'aikata kashi uku ne, na safe da na rana da na dare. Jiniya na kaɗawa, sai ƙofa ta amayo dubban mutane, gashinsu da girarsu fari fat da ƙurar auduga, kekuna suka cika titi har mota ba ta samun hanya. Wanda ya fito daga ɗakin saƙa sai ya yi ta magana da ƙarfi, don ƙarar injuna ba ta gama fita daga kunnensa ba. A bakin ƙofa mata masu tuwo da shinkafa da sakwara suna zaune da littafin bashi, a ci a rubuta, sai ƙarshen wata a biya. Mai gidan haya da tela da mai gyaran keke da mai shayi, duk lissafinsu ranar albashin masaƙa ne. Ma'aikatan kuwa daga ko'ina suke: kudancin Kaduna, Filato, Binuwai, ƙasar Igala, Bendel, da Hausawa daga Zariya da Katsina da Kano. Abin da KTL ta fara saƙawa akoko ne, yadin talaka, kafin atamfa ta zo ta mamaye kasuwa.

To wa ke da waɗannan masaƙu? In aka tambayi tsohon ma'aikaci, amsar da ta fi saurin fitowa ita ce Sardauna ne ya kawo su. Masu jarin kuwa sai dai a ce Turawa, ko 'yan Japan, ko 'yan Sin. Babu zaure, babu fuska. Akwai manaja, akwai ofishin albashi, akwai lamba a jikin katin shiga.

Gaskiyar da ba a cika faɗa ba ita ce, babban mai jari a KTL manomi ne. A wancan zamani, tun daga 1949, hukumomin ciniki na gwamnati ne kaɗai ke da ikon sayen gyaɗa da auduga don fitarwa waje. Su ke yanke farashi, kuma sukan biya manomi ƙasa da abin da suke samu a kasuwar duniya, su tara rarar. Daga wannan rara, ta hannun hukumar ciniki da hukumar raya Jihar Arewa, aka zuba kason gwamnati a masaƙar. Manomin auduga na Malumfashi ko Funtuwa bai taɓa riƙe takardar hannun jari ba, amma guminsa yana cikin tubalin ginin. Shi ya sa 'yan Arewa suke kallon KTL a matsayin dukiyar gado, kuma suna da gaskiya.

Ɓangaren Turawan kuwa ya canza hannu ba tare da ma'aikaci ya sani ba. A ƙarshen shekarun 1960 kamfanin Lonrho ya haɗiye David Whitehead, a 1969 ya ƙara da John Holt. Shugaban Lonrho, Tiny Rowland, aminin shugabannin Afirka ne da dama, yana shiga fadojinsu ba iso. A gida kuwa, a 1973, Firaministan Birtaniya Edward Heath ya tsaya a majalisa ya kwatanta al'amuran kamfanin da mummunar fuskar jari-hujja wadda ba za a lamunta ba. Ana wannan cacar baki a Landan, masaƙi a Kakuri yana tsaye gaban injinsa, bai san ana yi ba.

Cikin dukkan masu jarin, wanda ya fi cancanta a kira shi hamshaƙin mai masana'anta shi ne Cha Chi Ming. An haife shi a 1914 a lardin Zhejiang na ƙasar Sin, ya koyi aikin rini da buga zane, ya koma Hong Kong ya kafa kamfanin rini a 1949. A 1964, Nijeriya tana da shekara huɗu da samun 'yanci, ya zo Kaduna ya kafa UNTL. Ba ɗan ci-rani ba ne. Ya zauna da gindinsa a harkar, ya haɗa kaɗi da saƙa da buga atamfa, rukunin kamfanoninsa ya kai Gusau da Funtuwa da Ikorodu, har Akosombo ta ƙasar Gana. Yaƙin basasa bai kore shi ba, dokokin mayar da kamfanoni hannun 'yan ƙasa na 1972 da 1977 ba su kore shi ba. UNTL ta zama masaƙa mafi girma a ƙasar, atamfarta ta shiga lefen amare daga Sakkwato har Maiduguri, ta tsallaka Nijar da Kamaru.

A Hong Kong da ƙasar Sin, Cha babban mutum ne. Iyalinsa ne suka gina unguwar Discovery Bay. A 1994 ya kafa gidauniyar Qiu Shi mai ba masana kimiyya na ƙasar Sin kyaututtuka, a 1997 aka ba shi lambar girma mafi daraja ta Hong Kong. A Kaduna kuwa, inda dubban gidaje suka ci abinci daga masaƙarsa shekara 40 da ɗoriya, matan da suka ɗaura atamfarsa ba su san sunansa ba. Ya rasu a watan Maris na 2007. Kafin shekarar ta ƙare UNTL ta rufe ƙofa, aka sallami ma'aikata kimanin 4,000.

Da yake babu zauren da za a kai kuka, ma'aikata sun gina nasu. Ƙungiyar ma'aikatan masaƙu da ɗinki ta ƙasa, wadda aka kafa a 1978, a Kaduna ta ajiye hedikwatarta, ta kuma zama ɗaya daga cikin ƙungiyoyin ƙwadago mafi tsari a Nijeriya. Adams Oshiomhole a Arewa Textiles ya fara, ya zama babban sakataren ƙungiyar a 1982, daga nan ya shugabanci ƙungiyar ƙwadago ta ƙasa a 1999, ya kuma yi gwamnan Edo. Masana biyu daga Suwidin, Gunilla Andrae da Björn Beckman, sun yi shekaru suna nazarin wannan ƙungiya, suka nuna yadda ta tilasta wa masu masaƙu zama a teburi, a rubuta yarjejeniya, a sa hannu. Abin da yaron attajiri yake samu don kirkin maigidansa, ma'aikacin Kakuri ya mayar da shi haƙƙi a rubuce: ƙarin albashi, kuɗin hutu, kuɗin asibiti, da garatuti ranar sallama. Wannan ci gaba ne na gaske, domin kirki yana iya mutuwa da mai shi. Rauninsa ɗaya ne: takarda tana aiki ne muddin akwai wanda za a riƙe.

Faɗuwar ba a rana ɗaya ta zo ba. Tun farkon 1984 KTL ta shiga matsala, har ma'aikata suka fito kan titi saboda batun rabin albashi. Tsarin tsuke bakin aljihu na 1986 ya karya darajar naira, kayan gyaran injuna da sinadaran rini suka yi tsada. Wutar NEPA ta zama sai an gani, baƙin man da tukwanen masaƙa ke sha ya yi wuya duk da matatar mai tana nan cikin Kaduna tun 1980. Noman auduga ya ja baya. A 1997 aka ɗage takunkumin shigo da yadi, ko da aka mayar da shi daga baya fasa-ƙwauri ya riga ya yi hanya: atamfa mai araha daga Sin ta biyo ta Kwatano da Maraɗi ta cika Kantin Kwari, wani lokaci ma da zanen masaƙun Kaduna aka kwaikwaya. A kan haka aka ɗora sakaci da rashin sabunta injuna, musamman a masaƙun da gwamnati ke riƙe da su. KTL ta tsaya a 2002. Masaƙun Nortex da Finetex da Arewa suka bi baya cikin 'yan shekaru. Da tallafin asusun naira biliyan 100 da aka ware ta hannun Bankin Masana'antu aka sake buɗe UNTL a ƙarshen 2010, amma ba ta koma yadda take ba.

A nan ne shaidar kowa ta fito. Rufe masana'anta ba laifi ba ne, kasuwa takan juya wa kowa baya. Abin dubawa shi ne yadda aka rabu da mutanen da suka ba ta ƙuruciyarsu da huhunsu da kunnuwansu. Ma'aikatan KTL, waɗansu bayan shekara 20 ko 30 a bakin inji, sun koma gida babu garatuti, babu kuɗin sallama. Suka haɗu da takwarorinsu na sauran masaƙun da aka rufe, suka kafa gamayyar waɗanda ba a biya ba, suka yi ta zarya tsakanin kotu da ofisoshi da gidajen jarida. Masu gidajen haya suka fara fitar da kaya waje. Yara suka bar makaranta. Tsofaffin ma'aikata suka koma acaba da gadi da dako, waɗansu suka nemi 'yan gonaki a bayan gari, wajen Kakau da ƙauyukan Chikun. Wata masaniyar halayyar al'umma daga Jami'ar Michigan, Elisha Renne, ta bi sawun iyalan waɗanda suka rasu suna jira, ta tattauna da matansu da 'ya'yansu, ta fitar da littafi a 2020. Ma'aikatan da kansu ne suke riƙe da jerin sunayen mamatansu, suna ƙara suna duk lokacin da aka yi rashi.

Yanzu sababbin masu jari sun fi karkata ga hanyar Abuja. A 2017 kamfanin Olam ya buɗe katafariyar masana'antar abincin kaji da ƙyanƙyasa a ƙaramar hukumar Chikun, jirgin ƙasan Abuja zuwa Kaduna kuma yana ratsa yankin tun 2016. Filayen Kakau da maƙwabtanta sun yi daraja, kamar yadda na Kakuri suka yi shekara 60 da suka wuce. Mutanen wurin suna da dalilin yin maraba da duk wanda ya zo da aiki. Suna kuma da dalilin tambaya tun ranar farko: wane ne ainihin mai wannan kamfani, ina yake zaune, kuma a ina aka ajiye kuɗin sallamar ma'aikata? Rijiyar burtsatse da ajin makaranta da buhunan shinkafa na azumi duk abin godiya ne, amma ba su ne amsar waɗannan tambayoyi ba.

Abin da ya fi ciwo a labarin Kakuri shi ne, bashin da ya fi daɗewa ba a wuyan baƙo yake ba. Lokacin da KTL ta rufe, Turawan Lankasha sun daɗe da tafiya. Masu ita su ne jihohin Arewa 19, magadan gwamnatin Sardauna, waɗanda gwamnoninsu ke taruwa a Kaduna, tafiyar 'yan mintoci daga ƙofar masaƙar. Sun yi alkawarin farfaɗo da ita ba sau ɗaya ba, an kafa kwamitoci, an kawo masu jari sun zagaya sun tafi. Har zuwa lokacin da littafin Renne ya fito, shekara 18 bayan rufewa, ba a biya ma'aikatan haƙƙinsu ba. Masaƙar da aka gina da rarar kuɗin manomin Arewa, aka tafiyar da ƙarfin leburan Arewa, shugabannin Arewa ne suka bar ma'aikatanta hannu rabbana, kuma su ya kamata a tambaya.